Mai Bi a Kan Tabarmar Jinya

Darasi domin masu bin Yesu Kristi a ƙasar Gwandu da Kalgo

A karanta tukuna: Ayuba 2:11-13, Yohanna 9:1-7, 2 Korintiyawa 12:7-10, Yaƙub 5:13-16.

Ya ɗan'uwa mai karatu, Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. Gaskiya ne, amma ba mu cika sanin darajarta ba sai ran da ta juya mana baya. Duk wanda ya zauna a ƙasar Gwandu ya san shekara tana da ƙofa biyu da ciwo yakan shigo ta cikinsu. In damina ta sauka, fadama ta cika, shinkafa ta yi kore, sauro ma ya yi yawa, sai zazzaɓi ya bi gida gida yana kama yara. In kuwa hunturu ya zo da ƙurarsa, bazara ta biyo baya da zafinta, sai a fara jin labarin sanƙarau. A binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Nijeriya duka a 2021, an sami ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin 100 a Jihar Kebbi, watau 'yan ƙasa da shekara biyar, ba kuwa wata jiha da ta kai haka. A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin jiha ta ba da sanarwa cewa mutum 26 sun rasu da ciwon da ake zaton sanƙarau ne, kuma Gwandu, da Jega, da Aliero su ne suka fi shan wuya.

Ciwo ba ya tsayawa a zaure ya tambayi addinin mai gida. Yakan shiga gidan Musulmi, yakan shiga gidan Kirista, ba sallama. Masu bin Yesu a wannan ƙasa kuwa ba su da yawa. Waɗansu aiki ne ya kawo su, waɗansu karatu a jami'ar da ke Kalgo, waɗansu noma ko sana'a. Dangin da yawansu suna can Zuru, ko Yawuri, ko wani gari mai nisa. Saboda haka in ciwo mai tsanani ya kwantar da ɗayansu, yakan zo da kaɗaici, da bashi, da shawarwari iri iri, har zuciya ta rikice. Abin da wannan darasi yake so ya kafa a zuciyarka shi ne wannan: Allah bai yi wa mai bi alkawari ba zai yi ciwo ba, amma ya yi masa alkawari ba zai bar shi shi kaɗai a ciki ba. Wanda ya gane haka zai san yadda zai yi da jikinsa, da bakinsa, da kuɗinsa, da 'yan'uwansa, tun daga ranar da ya kwanta har ranar da ya tashi, ko ranar da Ubangiji ya kira shi gida.

1. Tambayar tsakar dare

Sa'ad da mutum ya kwanta kwana uku, kwana bakwai, wata guda, jiki ya rame, kuɗi suka ƙare, akwai wata tambaya da takan zo masa da tsakar dare: Me na yi wa Allah? Masu zuwa gaisuwa ma wani lokaci sukan ƙara mata nauyi. Wani ya ce, bincika kanka, akwai abin da ka ɓoye. Wata ta ce, sammu ne, akwai mai binka da sharri. Wani kuma ya ce, da bangaskiyarka ta kai, da tuni ka miƙe.

Tsohuwar tambaya ce. Wata rana almajiran Yesu suka ga wani mutum wanda aka haife shi makaho, suka nemi sanin ko laifin wa ya jawo masa, nasa ko na iyayensa. Ubangiji ya ɗauke zargin daga kansu duka, ya nuna cewa a cikin wannan mutum aikin Allah zai bayyana. Wani lokaci kuma ya tuna wa mutane da su goma sha takwas waɗanda hasumiya ta faɗo a kansu a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba (Luka 13:4). Ga kuma Ayuba. Allah da kansa ya shaidi amincinsa tun kafin masifa ta same shi, duk da haka dukiyarsa ta tafi, 'ya'yansa goma suka mutu rana ɗaya, miyaku suka rufe shi daga tafin ƙafa har tsakar ka. Abokansa uku suka dage lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin, su ne Allah ya yi fushi da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Ko da yake haka ne, kada mu ruɗi kanmu. Akwai ciwon da halin mutum ke jawo masa, kamar na shan giya, da fasikanci, da haɗiyar ƙwayoyi. In lamirinka ya nuna maka wani zunubi sarai, furta shi ga Allah, ka tuba, ka nemi gafarar wanda ka cuta. Amma in ka furta, ka sani an yafe. Yesu ya biya bashin a kan gicciye, Allah kuwa ba ya karɓar bashi sau biyu. Kada ka kwanta kana tono a zuciyarka kamar mai haƙar rijiya a kan dutse, kana neman laifin da Ruhu Mai Tsarki bai nuna maka ba.

2. Bayin Allah ma sun kwanta

Waɗansu masu wa'azi suna koyar da cewa duk wanda ya ba da gaskiya sosai ba zai yi ciwo ba, ba zai yi talauci ba. Wannan koyarwa tana da daɗin ji ran Lahadi, amma takan zama dafi ran da mutum ya kwanta. Bari mu auna ta da Littafi Mai Tsarki. Annabi Elisha, wanda ta bakinsa Na'aman jarumin Suriya ya warke daga kuturta, shi kansa ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13:14). Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Turofimus a Miletus ba lafiya (2 Timoti 4:20). Abafroditus, ɗan saƙon ikilisiyar Filibi, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa cikin aikin Ubangiji. Timoti kuma mai yawan laulayin ciki ne. Ba a ce ko ɗaya daga cikinsu ya gaza ga bangaskiya ba.

Haka ya faru da waɗansu daga cikin waɗanda suka fara neman kawo bishara ƙasashen nan na Arewa. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, a ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham ya sha zazzaɓi mai tsanani, ya koma gida shi kaɗai. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mayar da shi. Sai a 1902 aka sami kafa tashar farko a Patigi, a bakin kogin Kwara. Mai auna albarka da lafiyar jiki zai ce Allah ba ya tare da su. Amma daga wannan aiki ne mishan ɗin SIM ya tsiro, daga gare shi kuma ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Bingham ɗin nan, da ya ga abin da ciwo ke yi wa amintattu, ya rubuta littafi a 1921 yana gargaɗi a kan koyarwar da ke cewa warkewa tilas ce ga kowane mai bangaskiya.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in ka kwanta, kana cikin ayarin mutanen kirki. Kada ka ji kunyar a san ba ka da lafiya.

3. Magani daga hannun Allah yake

Manomin shinkafa a fadama yakan roƙi Allah ruwa, amma ba ya barin iri a rumbu ya ce bangaskiya za ta shuka masa. Haka yake ga magani. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi ciwon ajali, ya juya fuskarsa ga bango ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Duk da haka annabi Ishaya ya umarta a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun (Ishaya 38:21). Addu'a da magani suka tafi tare. Basamariyen nan na misalin Yesu ya wanke raunukan mutumin da 'yan fashi suka sara, ya ɗaure su, ya biya kuɗin masauki. Luka kuma, wanda ya rubuta Bishara ta uku, likita ne.

Dubi abin da ya faru da kuturta. Shekaru aru aru ana ganinta la'ana ce, ko gado, ko sammu. Ana ware mai ita, ya ƙare rayuwarsa a bara. A 1873 wani likita mai suna Hansen, a birnin Bergen na ƙasar Norwe, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Wajen 1937, lokacin da ƙasar Gwandu take cikin Lardin Sakkwato, mishan ɗin SIM ya shiga aikin lura da kutare tare da En'e, a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da kuma ƙasar Kano. Maganin lokacin nan man wani itace ne na Indiya, ana yin allurarsa da zafi ƙwarai, warkewa kuwa kaɗan ce. Masu bi suka yi ta addu'a, suna wanke miyaku, suna jira. Wajen 1950 Dokta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, cewa wata ƙwaya mai araha da ake kira dapsone tana aiki in an haɗiye ta kaɗan kaɗan. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta. Yanzu kuturta tana warkewa cikin wata shida ko shekara guda, wanda ya fara shan magani kuwa ba ya yaɗa ta. Ashe, wannan ba amsar addu'a ba ce? Allah ya amsa ta hannun likitoci, ya kuwa ɗauki shekaru yana amsawa.

Tun da yake haka ne, ga abin da ya wajaba ga mai bi. In zazzaɓi ya zo farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya, da amai, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a jira gari ya waye, gama sanƙarau yana iya kisa cikin yini guda, wanda ya tsira a makare kuma yakan kurmance. A yi addu'a a kan hanyar asibiti. Akwai asibiti a Gwandu, akwai a Kalgo, ga kuma Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. In yaro ya yi zazzaɓi, a gwada jininsa, a ba shi magani har ya ƙare. A kwana cikin gidan sauro. A kai shi allurar rigakafi, gama a watan Disamba na 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka soma. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi gwaji, domin tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. Tabon da ya fito a fata, ya yi haske, ba ya jin taɓi, a nuna wa malamin asibiti tun yatsu ba su lalace ba.

A gaya wa likita gaskiya duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke 'yar'uwa mai fama da ciwon da kike jin kunyar faɗa, kamar yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ki tuna da matar nan mai zubar jini shekara goma sha biyu. Yesu bai kore ta ba, ya kira ta ɗiya a gaban taro. Ciwonki ana yin aikinsa a Birnin Kebbi. Kada ki ƙare kwanakinki a ƙuryar ɗaki.

4. Ƙofofin da mai bi ba ya shiga

In ciwo ya daɗe, mutum yakan zama kamar wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. A lokacin nan ne akan ce a je wurin boka, a yi duba, a kira 'yan bori, a yanka baƙin zakara a mararraba. Ahaziya Sarkin Isra'ila ya faɗo daga bene ya ji ciwo, sai ya aiki manzanni su tambayi gunkin Ekron ko zai tashi. Annabi Iliya ya tare su a hanya da tambaya mai nauyi, watau ko babu Allah ne a Isra'ila da za su tafi neman wani (2 Sarakuna 1). Wannan tambaya tana nan a kan kowane mai bi da ya juya ga tsafi.

A nan sai mu rarrabe. Ganye da saiwa halittar Allah ne. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, babban maganin zazzaɓi na yanzu kuma daga wani tsiro ne dangin tazargade. Abin da aka hana shi ne dogara ga iskoki, da surkulle, da duba. Jiƙon da ba a san ma'auninsa ba kuwa a yi hankali da shi, gama yakan lalata ƙoda da hanta. In ka sha, ka faɗa wa likita.

Sau da yawa masu kawo waɗannan abubuwa danginka ne, ƙauna ce kuwa ta sa su. Kada ka yi musu tsawa, kada ka raina su. In mahaifinka ne, ka rusuna ka ce, Baba, na gode, Allah ya saka da alheri, amma raina na riga na ba da shi a hannun Yesu, a yi mini haƙuri. Magana mai laushi takan tsare zumunci, ta tsare bangaskiya kuma.

Akwai wata ƙofa da aka shafa mata sunan Kristi, ita ma a guje ta. Ita ce ta masu sayar da addu'a, masu cewa kawo kuɗi kaza a ba ka mai ko ruwa na warkarwa, ko su ce zubar da maganin asibiti domin ka nuna bangaskiya. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga Na'aman. Baransa Gehazi ya bi bayansa ya karɓa a ɓoye, ya kuwa sha hukunci. Kuɗin da ya kamata a sayi magani da abinci kada a zuba shi a aljihun mayaudara.

Ƙofa ta uku ita ce zargi. Kada bakin mai bi ya ce wance mayya ce, wane ne ya jefe ni. Irin wannan magana ta raba gidaje da yawa, ta sa an wulakanta tsofaffin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shaidar zur ce, Allah kuwa ya hana ta.

5. Addu'ar majinyaci

Mutanenmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Amma haƙurin mai bi ba ya hana shi kuka a gaban Ubansa. Karanta Zabura 13 da Zabura 88, za ka ga bayin Allah suna faɗa masa ɓacin ransu ba ɓoye ɓoye, suna tambayarsa har yaushe. Allah bai share waɗannan addu'o'i daga Littafinsa ba, ya bar mana su domin mu san muna da izini. Abin da ya raba kuka da gunaguni shi ne inda fuska ta nufa: mai kuka yana magana da Allah, mai gunaguni ya ba shi baya yana ƙararsa wurin mutane.

Roƙi warkewa gabagaɗi, gama Allah mai iko ne, yana kuwa warkarwa har yau, wani lokaci ta hanyar da ta wuce sanin likita. Amma ka koyi ƙarshen addu'a daga Ubangijinmu. A Getsamani ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, kowane karo kuma ya miƙa kansa ga nufin Uban. Bulus ma ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji zai wadace shi, kuma inda ƙarfin mutum ya ƙare a nan ikon Allah yake bayyana sarai. Bulus ya ci gaba da aiki da ƙayarsa.

Wani likita Bature mai bi, Paul Brand, ya je Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, daga baya ya yi aiki da kutare a can. Shi ya gane cewa yawancin yatsun da suke rasawa ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba. Jijiya ce takan mutu, mutum ya daina jin zafi, sai ya taka ƙaya, ko ya riƙe tukunya mai zafi, bai sani ba, rauni ya ruɓe. Daga nan ya riƙa koyar da cewa jin zafi ma baiwa ce, mai gadin jiki ne. Ba mu cewa ciwo abin so ne. Amma mutane da yawa a kan tabarmar jinya suka fara jin muryar Allah wadda hayaniyar kasuwa ta hana su ji.

In jiki ya yi rauni har ba ka iya haɗa magana, kada ka damu. Kiran sunan Yesu kaɗai addu'a ce. Manzo ya koya mana cewa sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba, Ruhu yana roƙo dominmu (Romawa 8:26). Ba ƙarfin riƙonka ne ya tsare ka ba. Yaron da ke goye ko ya yi barci ba ya faɗuwa, gama zanen uwa ne ya ɗaure shi.

6. Aikin 'yan'uwa masu lafiya

Yaƙub ya ce majinyaci ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Lura, shi ne zai aika a kira. Kada ka ɓoye ciwonka sa'an nan ka yi fushi ba a zo ba. Ku kuma dattawa, in an kira ku, ku tafi, ko da dare ne, ko gidan matalauci ne.

Shanyayyen nan na Kafarnahum bai iya kai kansa wurin Yesu ba. Mutum huɗu suka ɗauke shi, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga yadda za mu zama mutum huɗun nan. In ka je gaisuwa, ka gajarta zama. Kada ka ba da labarin wane da ya mutu da irin wannan ciwo. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Kada ka je hannu sake: kai kunu, ko fura, ko itace, ko ruwa. Ku mata na zumunta, ku karɓi mai jinya dare guda a asibiti domin ta sami barci, gama sau da yawa ita takan faɗi bayan majinyaci ya tashi. Ku samari, in ana neman jini, ku bayar. In gonar ɗan'uwa ta yi ciyawa yana kwance, ku yi masa gayya. Kai miji, kada ka tura matarka gidan iyayenta domin ciwo ya daɗe, ka manta da ita. Alkawarin da ka yi a gaban Allah ya haɗa da ranar wuya.

Wahala kuma ba ta jiki kaɗai ba ce. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, mutane suka wayi gari da bashin taki ba amfanin gona. Annabi Habakuk ya yi zancen irin wannan rana, ranar da gona ba ta ba da kome ba, garke ya zama kango, ya ƙudura duk da haka zai yi farin ciki da Allah mai cetonsa. Amma masu bi na Antakiya, da suka ji yunwa tana zuwa, suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:29). Ya kamata kowace ikilisiya, ko ta mutum ashirin ce, ta ajiye wani abu daga baiko da kaka domin marasa lafiya, a rubuta shigarsa da fitarsa a fili.

Kada alherinmu ya tsaya a ƙofar majami'a. Maƙwabtanmu Musulmi sun san darajar gaida marar lafiya, sau da yawa su ne na fari da za su shigo su ce sannu, Allah ya sawwaƙe. Mu karɓi gaisuwarsu da godiya, mu ma mu je tasu, mu yi musu abin da za mu yi wa namu. Zumunta a ƙafa take.

7. In ciwo ya ƙi sauka

Akwai ciwon da ba a tashi daga gare shi. Ba rashin bangaskiya ba ne a faɗi haka. Waɗanda Yesu ya warkar duka daga baya sun mutu, har Li'azaru wanda ya tashe shi bayan kwana huɗu a kabari. A bakin kabarin nan Ubangiji ya yi hawaye, saboda haka kuka ba laifi ba ne a gidan mai bi. Sai dai baƙin cikinmu yana da bege a ciki, gama Yesu ya mutu, ya kuma tashi.

In ka ga alamar tafiya ta yi kusa, ka kintsa gidanka kamar yadda aka umarci Hezekiya. Faɗi bashin da ake binka da wanda kake bi. Bar wasiyya a gaban shaidu, domin kada a cuci gwauruwa da marayu. Yafe wa wanda ya yi maka laifi, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa. Kira 'ya'yanka ka sa musu albarka. Sa'an nan ka huta. Bulus ya kwatanta jikin mai bi da irin da ake binnewa a ƙasa (1 Korintiyawa 15). Manomi ba ya makoki ran shuka, gama ya san akwai kaka. Jikin nan da zazzaɓi ya girgiza, wanda ciwo ya cinye, za a tashe shi sabo, a ƙasar da babu sauran ciwo ko mutuwa.

Kai kuma mai karatu wanda ba ka riga ka ba da kanka ga Yesu Kristi ba, kada ka jira sai ka kwanta. Rijiya tun da rani ake haƙa ta, ba sai ƙishirwa ta kama ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Me Yesu ya amsa wa almajiransa game da mutumin da aka haifa makaho?
2. Faɗi sunayen bayin Allah uku waɗanda suka yi ciwo ba domin ƙarancin bangaskiya ba.
3. Me labarin Hezekiya yake koya mana a kan addu'a da magani?
4. Waɗanne alamu ne za su sa a kai mutum asibiti nan da nan?
5. Yaya za ka amsa wa danginka da ladabi in sun ce a je wurin boka?
6. Wa ke kwance a ikilisiyarku ko unguwarku a wannan mako? Me za ka kai masa, kuma yaushe?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ka yi jikinmu, ka san rauninsa. Ka dubi bayinka da ke kwance a gida da asibiti a ƙasar Gwandu da Kalgo. Ka ba likitoci hikima, ka ba masu jinya ƙarfi, ka sa albarka a magani. Ka tsare mu daga tsoro, da zargi, da neman taimako inda ka hana. Wanda ka nufa ya tashi, ka tashe shi domin ya yi maka hidima. Wanda ka nufa ya jira, ka ba shi alherin da zai ishe shi. Wanda kake kira gida, ka riƙe hannunsa har ya haye. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.